Ɗanyen Kashin Shanu a Gindin Bedina

Shekarun baya kaɗan, ina aji ɗaya a sakandaren 'yan mata a Dutsin-Ma, Malamin aikin gona ya raba mana dashen bedi, wato darbejiya, kowa ɗaya. Ya ce wadda nata ya fi kyau kafin damina, za a kira sunanta a gaban makaranta. Ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji, sai na ji ina son sunan nan ya zama nawa.

Ƙawata 'yar ƙauyen Birchi ce, babanta makiyayi. Ramukanmu na kusa da juna. Kullum a gindin nata take alwala, ruwan ya gangara ciki. Ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ran Litinin kuma takan zo da kashin shanu a leda ta barbaɗa. Nata ya yi kore shar, Malam ya tsaya a kansa yana cewa, "Ku zo ku ga aiki!" Na je na gani, na yi murmushin yaƙe.

Ban tambaye ta komai ba. Na je gidan maƙwabcinmu mai shanun huɗa, na cika bokiti da kashi mai ɗumi, na juye duka a gindin nawa. Na ce in dai kashi ne, na ninka ta.

Kwana huɗu ganyen ya ƙone. Ƙawata ta durƙusa ta shinshina ƙasar, ta dube ni.

"Ke 'yar birni, ɗanye kika zuba? Ai sai ya bushe ya huce! Wannan ko Baffana ya taka sai ya yi tsalle."

"Ban sani ba."

"To bakinki ciwo yake? Ga ni kusa da ke kullum."

Ta tone shi da hannunta, ta sa sabuwar ƙasa, amma dashen bai tashi ba. Sunanta aka kira. Na tafa, a hankali.

Daga baya na gane ita icen take so, ni kuwa idon Malam nake nema. Har yau nakan kama kaina: na fi tsintar ledar ruwa a filin makaranta idan akwai mai kallo. Da na sake dashe a gidanmu, sai da na yi kwana biyu ina juya maganar kafin na iya buɗe baki na ce mata, "Don Allah, koya min."