Ƙafafun Auta

Aminina mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙansa, da furfurarsa ya sayo tsohuwar na'urar yanka faifan garmaho. Burinsa ya ɗauki muryar yayarsa tana waƙar da ta rene shi da ita, kafin tsufa ya mantar da ita. Ya koyi saita allurar, amma allura ba ta son girgiza. Shi kuwa da Yaya ta fara sai ya hau buga ƙafa, faifan ya lalace.

"Auta, har yanzu ba ka girma ba," in ji ta. "Miƙo ƙafafun nan!"

Ya ɗora su a cinyarta, ta riƙe gam, ta rera har ƙarshe. Faifan ya fita tas. Yanzu kullum sai ta sa shi, hannuwanta a cinya.