Lissafin Malta da ya raba Baba Salisu da gonarsa

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Salisu. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Shi dai ya dafa har ya koma ga Allah bai ga romon ba, ni ɗiyarsa kuma ban yi alkawarin haƙuri irin nasa ba.

Mutumin Wurma ne, a ƙasar Kurfi. Ya je yaƙin Turawa, aka kwantar da shi a wani asibitin soja a Tarabulus da rauni a cinya. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani mutumin tsibirin Malta. Ba Hausa, ba Turancin kirki, sai suka kama koya wa juna ƙidaya da yatsu. Ina rubuta ta yadda kunnena ya ɗauka: wihed, tnein, tlita, erba, hamsa, sitta, seba, tminya, disa, ashra. Da suka zo kan na ɗaya, na biyu, na uku, mutumin ya ce lewwel, ittini, ittilet. Baba ya ce nan ya tashi zaune da ciwonsa, don ya ji sunan yayansa Lawal, da Sani da ya rasu yana goye, da nasa, a bakin wanda bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

Da wannan ƙidaya muka tashi. Da ita muke ƙirga awaki da yamma, da ita yake jera mu in za a raba rake. Amma tana da wani amfani da mu kaɗai muka sani. Tun dawowarsa, in aka yi tsawa jikinsa yakan ɗauki rawa, sai ya dafa bango ya yi ta ƙirgawa a bayyane har abin ya sake shi. Bai taɓa dukan kowa ba. Bai taɓa barin salla ba.

Baffa Lawal ya san haka sarai. Shi ya noma gonar gadon Baba lokacin yaƙi, ya ɗanɗana, da Baba ya dawo ya yi ta ja masa rai shekara da shekaru, gobe, baɗi, bari a cire amfani. Da Baba ya matsa, gab da samun mulkin kai, sai Baffa ya tara dattawa ya ce ƙanensa ya taɓu, da aljanu yake magana in hadari ya taso, ba a danƙa wa irinsa ƙasa. Ina bayan danga da mahaifiyata muna ji. Aka ce Baba ya faɗi abin da yake faɗa in an yi tsawa. Ya faɗa, har da lewwel, ittini, ittilet, ya bayyana inda ya koya. Wani malami ya ce wannan Larabci ne da aka murɗe, kuma ba mai murɗe Larabci sai shaiɗan. Baba ya dubi yayansa ya ce:

"Yaya, sunanka ne na farko a ciki. Da shi nake samun sauƙi."

Baffa bai ɗago kai ba. Aka bar masa gonar riƙo, wai har mai ita ya warke. Da ɗan gari akan ci gari.

Muka kwashe muka koma Dutsin-Ma, Baba ya kama gyaran keke a bakin kasuwa. Yara na binsa suna kiran "Tlita, Tlita", manya na dariya ba mai tsawata musu. Mutumin da ya saba cika rumbu ya koma awo da tiya. Abin da ya fi ci mini rai, ya daina koya mana. Ƙannena biyu ba su san ko wihed ba. Na roƙe shi ya ƙarasa mini abin da ke bayan ashra, ya ce abin da na sani ma ya isa ya hana ni miji.

Yau jikana ya danna waya, wata mata ta karanto mini ƙidayar nan tiryan-tiryan, yadda Baba ke faɗa. Na yi kuka, amma ba na daɗi ba. Samarin ƙasar nan suna ratsa hamada da teku, wasu a wannan tsibiri ruwa ke ajiye su, a gida ana alfahari da su. Da Baba yana raye me zai ce? Na san shi, cewa zai yi rashin sani ya fi dare duhu, a yi wa waɗanda suka ce ya taɓu uzuri. Ni ban yarda ba. Malamin wataƙila bai sani ba. Baffa ya sani.

To me ya rage na Malam Salisu? Gonar tana hannun jikokin Baffa, sun ɗauka gadonsu ce. Waɗanda suka zauna a wancan taro duk sun bi Baba lahira, can za su yi bayani. Ni ce ta ƙarshe da ta ji da kunnenta, shi ya sa nake faɗa a jarida tun ina da baki: mahaifina ba mahaukaci ba ne. Tsoro ya kwaso daga yaƙin da ba nasa ba, ya samo maganinsa da kansa, ɗan'uwansa ya mai da maganin makami. Allah ya jiƙan Baba. Baffa kuwa, har yau bakina bai iya yi masa wannan addu'a ba.