Gurbi na Tara

Yayata ba ta taɓa zama a ajin koyon kwamfuta ba. Da bugun takardu ta fara, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai gyaran agogo. Shekara shida tana buga wa mutane takardun neman aiki da na neman afuwa, har ta kai idan ka fara faɗa mata abin da kake so, sai ta ƙarasa maka. Shi ya sa muke ce mata Sakatariya a gida, sunan kuma ya bi ta har yau. A shagon ne wani tsohon malami ya manta da littafin koyon gina shafukan intanet, bai dawo ya ɗauka ba. Ta karance shi har bangonsa ya cire, ta liƙe shi da gam, ta sake karancewa.

Gajeruwa ce, mai gilashi, mai tauna murfin biro. Ba ta iya ɓoye fushi ba, kuma ba ta taɓa ƙoƙarin koyo ba. Mama takan ce ranar da aka haife ta ma, ba kuka ta yi ba, ƙorafi ta yi.

Aikin da ta fi daɗewa a kansa shi ne na wata ƙungiyar masu ba da jini kyauta. Ofishinsu ɗaki uku ne a saman shagon fenti, kullum warin fenti na hawowa ta taga, fankar sama kuma tana kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Kafin zuwanta, idan mara lafiya yana buƙatar jini, sai a ɗauko manyan littattafai a yi ta buɗawa ana kiran waya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da rabin awa take nufi ga macen da ke zubar da jini. Yaya ta kwashe littattafan nan kaf ta zuba a rumbun bayanai na kwamfuta, sannan ta gina shafin da kowa zai iya buɗewa a wayarsa ya nemi mai irin jinin da yake so.

Wata rana na tambaye ta yadda abin yake aiki. Ta ce, "Ƙanwata, kin san gidan cin abinci? Mai saye ba ya shiga sito. Ya faɗi abin da yake so, mai hidima ya shiga ya ɗebo, ya jera a faranti ya kawo masa. Rumbun shi ne siton. Saba, wato babbar kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, ita ce mai hidimar. Ni kuma aikina in gaya mata abin da za ta ɗebo da abin da ko kusa da shi ba za ta je ba."

Kowane mai ba da jini yana da layi guda a rumbun, kowane layi yana da gurbi tara: suna, rukunin jini, unguwa, lambar waya da sauransu. Gurbi na tara shi ne na sakamakon gwaji. Idan an auna jinin mutum aka ga wata cuta, a nan ake rubutawa, a dakatar da shi, likitar ƙungiyar ta kira shi gefe ta gaya masa. Yaya ta rubuta wa saba umarni da hannunta, gurbi gurbi: rukunin jini, unguwa, harafin farko na suna, shi ke nan. Waɗanda aka dakatar ma ba a ɗebo layinsu kwata-kwata. Mai neman jini ya danna, ofis ya haɗa su. Shekara huɗu shafin yana aiki, ba wanda ya taɓa yin kuka da shi.

Sai aka yi sabon Shugaba a ƙungiyar.

Mutum ne mai son taro da lasifika. Ya buɗe shafin, ya taɓe baki, ya ce ya yi kama da allon sanarwar asibiti. Yana son baƙi su buɗe su ga sunaye reras, su san ƙungiya tana da jama'a. Ya kawo wani mutum mai kwat da wayoyi biyu, wanda ya gabatar da shi da cewa ƙwararre ne. Tun daga ranar Yaya ba ta ƙara kiransa da wani suna ba sai Ƙwararre, kuma yadda take furta kalmar, gara ta zage ka.

Ƙwararre ya duba aikinta ya yi dariya. Ya ce me ya sa take lissafa gurabe ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga awaki? Ya goge layukanta, ya rubuta uku kacal: ɗebo kowa, ɗebo komai, jera a shafi. Da ta nuna masa gurbi na tara, sai ya ce ai ya rufe shi da ado, wato ya sa wa shafin umarnin kada ya nuna shi a fuska.

"Amma an aika shi?" in ji Yaya.

"An aika, amma ba a gani."

"Malam, ka ɗora wa mutum abin a faranti, ka rufe da tsumma, ka ce ba ka ba shi ba? Duk abin da ya fita daga saba ya shiga hannun mutane. Wayar da ta ƙi karanta adon naka fa?"

Ya kalli Shugaba ya yi murmushi, irin wanda maza suke yi wa juna idan mace ta ɗaga murya. Shugaba ya ce, "Malama, ki kwantar da hankalinki. Kowa da zamaninsa."

Ta koma teburinta ta buga takarda shafi biyu, ta bayyana haɗarin dalla-dalla, ta kai wa Shugaba ya sa hannu cewa ya karɓa. Ya sa hannun yana magana a waya. Washegari ya tura ta fita da tanti na kwana biyu, can bayan gari, ta rubuta sunayen sababbin masu ba da jini. Tana can aka buɗe sabon shafi da tafi da hotuna.

A babbar kwamfutar Shugaba, gurbi na tara bai fito ba. A ƙananan wayoyi masu tsohon tsari, irin waɗanda yawancin mutane suke riƙewa, ya fito ɓaro-ɓaro. Cikakken suna, lambar waya, unguwa, sannan cutar.

Yaya ta dawo ofis da hantsi, da ƙura a takalmi, ta tarar da wani mutum zaune a bencin jira. Ta san shi. Direban motar wata makarantar yara ne, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya ba da jini sau goma sha ɗaya. A karo na goma sha biyu aka gano yana da ciwon hanta, aka dakatar da shi, ya fara shan magani. Daga shi sai matarsa sai likita suka sani.

Ya miƙa mata wayarsa. Hoton layinsa ne, wani ya zagaye gurbi na tara da jan layi, ya watsa a zauren hirar waya na iyayen yaran makarantar.

"Da safen nan suka karɓe mukullin motar," in ji shi. "Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar yaran nan. Wata yarinya ta zo za ta gaishe ni, uwarta ta fizge ta." Ya ɗago ya dube ta. "'Yata, ke kika rubuta sunana ranar farko. Kika ce mini ba wanda zai gani. Ni jini na zo bayarwa."

Yaya ta ce ba ta san lokacin da ta isa teburinta ba. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta shiga saba ta sauke shafin gaba ɗaya. Ta duba tsawon lokacin da ya yi a buɗe: awa ashirin da shida. Ta ƙirga waɗanda aka dakatar: mutum arba'in da uku.

Ta tura ƙofar Shugaba ba sallama. Yana tare da Ƙwararre, suna kallon hotunan taro.

"Wa ya ba ki izinin rufe shafi?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Akwai mutum a waje da kuka raba da aikinsa."

"Za mu duba. Amma shafin da muka buɗe jiya a gaban baƙi..."

"Baƙin banza! Mutum arba'in da uku kuka tsiraita a kasuwa, kai kana maganar baƙi?"

Ƙwararre ya gyara zama ya ce, a gaskiya matsalar daga tushe take. Wanda ya gina rumbun shi ya ajiye sakamakon gwaji a layi ɗaya da suna. Shi nuna abin da ya tarar kawai ya yi.

Wannan maganar ita ta fi ƙona mata rai, domin akwai ɗigon gaskiya a cikinta. Ta gaya mini daga baya cewa da ta raba gurbin tun farko, ta ajiye shi a wani wuri dabam mai nasa makulli, da ko jaki aka ba shafin ba zai iya tona shi ba. Ta amince da hannunta, ba ta yi tunanin hannun da zai zo bayanta ba. Amma a ɗakin nan ba ta ba shi wannan daɗin ba. Ta zaro kwafin takardarta ta buga a kan teburin Shugaba har kofin shayi ya tuntsire.

"Karanta! Ga sa hannunka nan. Na gaya maka da baki, na gaya maka a rubuce. Shi kuma wannan, da ya koyi layi uku ya ɗauka ya gama duniya, na tambaye shi a gabanka ko an aika, ya ce an aika. Ka yi dariya. Yanzu ka tashi ka fita ka yi wa dattijon can dariyar."

Shugaba bai fita wurin dattijon ba. Ta ƙofar baya ya sauka. Bayan kwana uku aka ba ta takardar sallama, wai saboda rashin ladabi da taɓa kayan ƙungiya ba izini. Sanarwar da suka fitar ta ce an sami "'yar tangarɗar na'ura". Yaya ta karanta kalmar nan a tsakar gidanmu da ƙarfi har sau uku, Mama tana cewa ta yi a hankali maƙwabta na ji.

"Su ji! Na'ura ce ta sa kwat? Na'ura ce ta tura ni tanti?"

Ba wanda ya sa ta, amma ta bi mutum arba'in da ukun nan ɗaya bayan ɗaya, tare da likitar ƙungiyar, wadda ita ma ranta ya ɓaci. Wasu ba su ma san abin ya faru ba, ta gaya musu. Wasu sun zage ta, ta tsaya ta ji. Wata mai kitso ta rufe mata ƙofa a fuska, domin masu zuwa kitso sun ɗauke ƙafa. Ni kuma ta ja ni zuwa makarantar direban, da kayan aikina a jiki, na yi wa shugabar makarantar bayani cewa ciwon nan ba ya kama yaro don ya zauna a mota ko ya gaisa da mutum. Matar ta saurara da kyau, ta ce ta yarda, amma iyaye ba za su yarda ba, ita kuma da iyaye take aiki. A hanyar dawowa, da muka kai bakin titi, Yaya ta tsaya ta yi ta dukan sandar fitila da jakarta har hannun jakar ya tsinke.

Direban bai koma makarantar ba. Yanzu motar gidan burodi yake ja. Idan sun haɗu da Yaya yana amsa gaisuwarta, amma ba ya tsayawa.

Wata biyar ƙungiyar ba ta da shafi. Ƙwararre ya daina ɗaga wayoyinsa duka biyun. Aka koma kiran waya da lalube, masu ba da jini kuma da yawa suka ce a cire sunansu. A ɗakin haihuwa na asibitinmu na ga abin da hakan ya jawo. Akwai ranar da muka yi awa biyu muna neman leda ɗaya ta jini saboda wata mai haihuwa, matar ta rayu da ƙyar. Na dawo gida na gaya wa Yaya, ban ƙara komai a kai ba.

Da Shugaba ya aiko likita ta roƙi Yaya ta zo ta tayar da shafin, sai ta ce za ta je, bisa sharaɗi uku. Za a raba sakamakon gwaji da sunaye, likita kaɗai za ta riƙe makullinsa. Ba wanda zai ƙara taɓa shafin sai an gwada shi a tsohuwar waya. Kuma Shugaba zai rubuta wa mutum arba'in da ukun nan takardar neman afuwa, da sunansa, ba da sunan na'ura ba. Ya amince da biyu nan take. Na ukun sai da ya yi mako yana jan ƙafa, ita kuma ta yi zamanta a gida tana gina wa wani mai sayar da taya shafi. A ƙarshe ya rubuta. Ta karanta, ta mayar masa sau biyu ya gyara.

Kwana huɗu ta yi a ofishin ta gama aikin. Ba ta zauna a tsohon teburinta ba, a bencin jira ta ɗora kwamfutarta a cinya. Shugaba ya yi mata tayin komawa aiki, ta ce a'a ba tare da ta ɗago kai ba.

Ranar da ta gama, Mama ta tare ta a ƙofa, ta ce, "To, Sakatariya, an shirya ke nan? Zuciya ta yi sanyi?"

Yaya ta cire takalmi ta jefar gefe.

"Shafi ya tashi, Mama. Ni ban shirya da kowa ba. Akwai sauran abinci?"