Gungumen Roba, Gungumen Baba

Asabar ta biyu bayan babbar Sallar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu na rana, ni da gemuna da furfurata ina zaune cikin wani gungumen roba, an ɗaure ni da bel kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ƙungiyar Hausawan da ke zaune a nan ƙasar waje ce ta ɗauki hayar bas daga unguwarmu ta Park Hill, wai a kai yara filin wasa su sha iska, kuma 'yata Safiya, mai shekara tara, ta yi sati uku tana yi mini naci har sai da na rufe teburin sana'ata na yini guda. Mun fi awa ɗaya a layi, rana na dukanmu, don kawai mu shiga wannan abin. An yi masa fenti ruwan ƙasa, an zana masa ɓawo irin na itace, amma da na ƙwanƙwasa shi da yatsa sai ya amsa kamar bokiti. Malam Isuhu, mutumin Maraɗi da ke sayar da huluna kusa da teburina a unguwar Fordham, yana bayana da 'ya'yansa biyu. Ya dafa kafaɗata ya ce, "To ɗan gulbi, yau dai a riƙe wando da kyau, kar a ba mu kunya gaban yara." Na ce masa wanda ya girma yana wanka da buta ba shi zai koya mini ruwa ba.

Abin da suke kira kogi a wurin kwata ce ta siminti, ruwanta bai kai gwiwa ba, shuɗi kamar an zuba bula, yana warin maganin wanke banɗaki. Gungumen ma ba ruwa ke tafiyar da shi ba, ina jin ƙarfe na jan sa ta ƙasa. Aka shigar da mu wani rami mai fitilu, wai cikin littafin tatsuniya muke. Ga zomo da riga da tabarau yana kaɗa kai, ga kwaɗi sun yi sahu suna waƙa ta lasifika, ga wani kada yana buɗe baki yana rufewa, haƙoransa fari fat kamar mai tallan man goge baki. Mu a garinmu ko yaron goye ya san ba a tatsuniya da rana tsaka, su kuwa sun mayar da ita sana'a tun daga safe. Daga ƙarshe aka ja mu sama a hankali, aka sake mu, muka zubo, ruwa ya fantsama. Ƙattin mutane masu tumbi suna ihu kamar ana yanka su, wasu ma sun sayi rigar leda don kada su jiƙe. Ka biya ka shiga ruwa, ka sake biya don kada ruwan ya taɓa ka. Da muka fito, Safiya na haki tana dariya, ta tambaye ni da Turanci ko na ji tsoro. Na amsa mata da Hausa cewa ban ji ba. Ba ƙarya na yi ba. Sai dai tun lokacin da muka zubo a wannan gangaren, wani gungumen daban nake tunawa.

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, don haka abin da na sani da ido na san shi. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Yawuri, a bakin gulbi, kuma Baba masassaƙin jirgi ne. Rabin kwalekwalen da ke ɗaure a mashigarmu daga hannunsa suka fito, amma mu gidanmu ba mu da ko ɗaya. Na mutane yake sassaƙawa, a ba shi hatsi ko akuya, a tafi da jirgi. Gonar shinkafarmu tana tsallake, kasuwa ma tana tsallake, saboda haka kullum Inna na tsaye a bakin ruwa da ƙwaryar busasshen kifi a ka, tana jiran wanda zai ji tausayinta ya ƙetarar da ita. Wani lokaci har rana ta take, masu jiragen da Baba ya sassaƙa suna wuce ta suna cewa ya cika. Idan tsuntsaye suka sauka a shinkafarmu, daga wannan gaɓar muke hango su kamar hayaƙi, mu yi ta ihu da buga gwangwani, su kuwa ko a jikinsu.

Shekarar da na cika goma sha ɗaya, Baba ya ce wannan karon namu zai yi. Ya samu wani maɗaci a daji, tafiyar awa guda sama da gari, wanda mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Irin wannan itace ba a ɗauko shi. Inda ya faɗi nan ake fafe shi tun da rani, sannan a tara mutane su mirgina shi zuwa bakin busasshiyar ƙorama, a ɗaure shi a jikin bishiya, a bar wa damina ta yi dakonsa zuwa gulbi. Wata huɗu muna wannan aiki. Da an tashi makaranta, yara su tafi langa da kamun tarwaɗa, ni sai in ɗauki fura da goran ruwa in bi Baba. Aikina kwashe sassaƙe, da wasa gizago a dutse, da shafa wa bakin gungumen laka da kashin shanu don kada rana ta tsaga shi. Baba ba mai magana ba ne. Yakan buga jikin itacen da ƙotar gizago ya kara kunne, daga amon ya san inda ya yi kauri da inda ya isa haka. In na ƙosa sai ya ce, "Icce ba ya gaggawa, mai gatari ke yi."

Amma abin da ya fi nanata mini shi ne, "Ba a hawan ruwan fari. Ruwan fari shara yake kwashewa." Ambaliyar farko ja ce, tana ɗauke da kututture da duwatsu da duk ƙazantar rani, ba ka ganin abin da ke ƙasa. Sai ta wuce da kwana biyu ko uku, ruwa ya kwanta ya yi haske, sannan maza huɗu su riƙe gungume da igiya ta gaɓa biyu su sauko da shi sannu a hankali. Idan suka kai Mazuba, inda ƙoramar ke faɗowa daga kan dutse mai tsayin mutum biyu, fitar da shi suke yi su ja shi ta gefe a kan itatuwa. Duk wannan na san shi kamar yadda na san sunana.

Wata Talata aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba ya ƙetare gulbi zuwa gaisuwar mutuwa tun ranar Litinin, ruwa ya tsare shi a can. Kafin ya tafi ya ce in an yi ruwa in je in duba igiya, in ta yi sako-sako in ƙara ɗaure ta, in dawo gida. Na tafi da Tanko, ɗan gwaggona, wanda ya girme ni da shekara biyu, gwanin iyo da gwanin ƙarya. Muka tarar ƙorama ta cika ta batse, ja wur, gungumen ya tashi yana rawa a kan ruwa yana fizgar igiya kamar bijimi a turke. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Igiya kuwa lafiyarta lau. Da na juya a nan, da shi ke nan.

Tanko ya ce, "Ɗan masassaƙi, wata huɗu kana shafa masa kashin shanu, ko zama ba za ka yi a ciki ba? Ko sai Kawu ya zo ya riƙe maka hannu?" Muka shiga muka zauna. Can ya ce, "Ka ga in muka kai shi mashiga yau, Kawu ya dawo ya tarar da jirginsa, Inna ta daina tsayuwa." Ba zan ɗora masa ba, hannuna ne ya kwance igiyar. Abin da na hango shi ne fuskokin masu cewa jirgi ya cika, idan suka gan ni tsaye a goshin namu da gorar tuƙi a hannu.

Gorar da na ɗauka kuwa, ruwa ya ƙwace ta a kwanar farko. Gungume ya juya da mu, gindi a gaba, rassa na zane mu a fuska, wata matacciyar tunkiya ta wuce mu ƙafafu a sama. Tanko mai bakin nan ya shiga kiran uwarsa, da muka zo ƙarƙashin wani ɓaure ya yi tsalle ya rataye a reshe ya bar ni. Na ji ƙarar Mazuba kafin in gan ta. Ban yi ihu ba, wanda tsoro na gaske ya kama ba shi da numfashin ihu. Na kwanta a ciki na manne da itacen. Sai sama ta juye, na ji wata ƙara kamar harbin bindiga, daga nan sai jan ruwa da yashi a baki. Ruwa ya tofar da ni a kan wani tudun rairayi, gira a tsage, haƙori ɗaya babu. Da na ɗaga kai na hango gungumen maƙale tsakanin duwatsu, ya tsage daga goshi har kusan tsakiya, tsagar da hannu zai shiga.

Washegari Baba ya dawo, na kai shi wurin da ƙafata, na riga na shirya wa duka. Ya fara kama haɓata ya juya kaina ya duba girar. Sannan ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya sa hannu cikin tsagar ya bi ta har inda ta ƙare. Ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Ruwan fari ka hau." Na ce e. Ya ce, "To." Iyakar maganarsa a kan wannan ke nan, har ya bar duniya. Da dukana ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Rabin da ya tsira ya yanke shi aka kawo gida, ya zama kwamin shayar da awakinmu da jakin maƙwabta. Cika shi ya zama aikina, tulu shida da safe, shida da yamma, ba wanda ya ce horo ne. Bayan haka manyan maɗatai suka yi wuyar samu, ƙirjin Baba kuma ya fara ciwo, bai sake sassaƙa namu ba. Inna ta ci gaba da tsayuwa a mashiga har ƙafafunta suka gaza. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai in ta dawo a makare da kifin da bai sayu ba, takan ajiye ƙwarya kusa da kwamin, ta ɗebi ruwan da na zuba ta wanke ƙafa, ina kallo.

A bas kan hanyar komawa, Safiya ta ce baɗi ma sai mun dawo. Na fara ba ta wannan labarin, ta saurara har wajen igiya, sai ta tambaye ni me ya sa ban buga wa Baba waya ba. Kafin labarin ya kai Mazuba ta yi barci a kafaɗata. Ba laifinta ba ne. An ƙera musu faɗuwar da ba a asarar komai a cikinta, ka zubo, a kwance ka, gungume ya koma ya ɗebi wasu. Ban ce a kai ta ƙoramarmu ba, Allah ya kiyaye, kuma baɗi in da rai zan kawo ta. Amma kada wani ya ce mini wannan ruwa ne.

Yanzu kullum da safe ina shiga jirgin ruwan fito na St. George in ƙetare zuwa wurin nema. Jirgi ne da zai kwashe garinmu duka da awakinsu, kyauta, ba mai ce maka ya cika, in ka rasa wannan wani na tafe. Mutane kai a sunkuye kan waya, ba mai ko duban ruwan. Ni nakan tsaya a baya in jingina da ƙarfe, in ga kumfa tana bin mu, in tuna tsofaffi biyu da suka ƙare rayuwarsu suna hangen gonarsu daga gaɓa. Jirgi ya samu, masu ƙetarewar ne babu.