Sawun da Na Gani a Ƙofar Gidana

Ni jikan masunta ne, cikin waɗanda ruwan Tiga ya tasa daga garinsu. Na taso ina kamun kifi da noman rani. Shiru-shiru aka san ni, har ana cewa ko yatsa aka sa mini a baki ba zan ciza ba.

Mahaifina yana da wata ɗabi'a. Kullum kafin ya tafi ruwa sai ya share ƙofar gida tas, ya baje yashi. In ya dawo ba ya shiga sai ya tsuguna ya duba sawu. Ranar da ya ga wanda bai gane ba, Inna ta sha duka ke nan, ni kuwa ina raɓe a bayan rumbu ina kallo. Da na kai shekara tara sai ya miƙa mini tsintsiyar ya ce, "Ka koya, mace sai da tsaro." Wallahi na tsani dukan nan, amma ina jin daɗi in ya yabe ni cewa na fi shi ido.

Na auri Sa'ade, 'yar garin Dangora, bisa so da ƙauna. Mace ce mai fara'a, ko mai tallan manja ta gaisar sai ta yi dariya, ni kuwa dariyar nan tana ci mini rai. Na yi kishin ɗan acaɓan da ke kai ta awon ciki, na yi kishin wayarta, har ƙanenta ban bari ba. Na sha rantsuwa ba zan zama irin Baba ba, amma wata biyu da tarewarta na fara shara. Ita ta ɗauka tsafta ce, har tana tsokanata: "Malam, ka bar mini aikina mana."

Cikinta yana wata bakwai, wata rana na dawo daga gonar tumatir da azahar, sai ga sawun takalmin namiji ɓaro-ɓaro a kan yashin. Idona ya rufe. Na shiga na ce, "Wa ya zo gidan nan?" Ta ce, "Ba kowa, Malam." Sau uku ina tambaya tana ba ni amsa ɗaya. Ban ce mata na ga sawu ba. Na fara da mari, na ƙare da muciya, sai da maƙwabta suka shigo suka danne ni.

Ɗan ya zo babu rai, namiji. Kunnenta na hagu kuma ya daina ji.

A gaban alƙali maƙwabciyarmu ta ajiye takalma. Tsofaffin takalmana ne da na jefar a bayan ɗaki. Ashe ƙafafun Sa'ade ne suka kumbura, silifas ɗinta ya ƙi shiga, ta zura nawa ta je maƙwabta ɗebo wuta. Gaskiya ta faɗa mini, ba wanda ya zo. Aka raba auren, aka yanke mini shekara huɗu.

Da na fito na je Dangora neman gafara. Na tarar ta auri wani tela a garin Ƙofa, amma mahaifinta ya aika, mijin ya kawo ta. A zaure ta zauna, ta juyo mini da kunnen dama. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana." Da mijinta ya tayar da babur ya faɗa mata wata magana ta yi dariya, sai na ji tsohuwar wutar nan ta taso mini har wuya. Ba zan ɓoye muku ba, har yau tana nan. Na dai koyi tashi in yi alwala in bar wurin.

Samari, ku da kuka taso kuna jin kukan iyayenku mata, kada ku yarda rantsuwa kaɗai ta ishe ku. Tun kafin aure ku nemi malami ko dattijon da kuka amince da shi, ku faɗa masa abin da kuka gani a gida. In zargi ya shiga ranku, ku buɗe baki ku faɗi abin da kuka gani, hannu kuma ya tsaya a aljihu. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Da ɗana yana raye da bana zai shiga makaranta. Ko kabarinsa ban sani ba, domin lokacin da ake binne shi ina tsare a wajen 'yan sanda.