Ɗinkin Ƙwaryar Kaka

Har yau in na ji ludayi yana karzar gindin ƙwarya, sai gabana ya faɗi. Ni tela ne a Tudun Wada, karatuna bai yi nisa ba, amma bari in faɗa maka laifina yadda yake.

Kakata tana da wata babbar ƙwarya ta dama fura, tun ta aurenta. Ta yi ja saboda daɗewa, ko an wanke ta tana ƙamshin nono da citta. Wata damina, ina ɗan shekara tara, na buga ƙwallon tsumma a tsakar gida, ya same ta inda aka kife ta. Ta tsage daga baki har kusan gindi. Da aka tambaya, na ce ƙanwata ce ta zauna a kai. Inna ta zane ta da tsintsiya, ina tsaye ina kallo.

Kaka ba ta yar da ƙwaryar ba. Ta aika unguwar Tudun Jukun aka kira gyartai, mai ɗinke fasassun ƙore. Ya zauna a zaure yana hudawa da basilla, yana jan zare, har tsagar ta haɗu. Aka ci gaba da dama fura a ciki, ni kuwa ban ƙara iya kallon ɗinkin nan ba. Bayan rasuwar Kaka, ni na mayar da ƙwaryar kwanon dusar kaji.

Laifina na biyu a kan 'yata ne. Da ta ce za ta karanci zane da sassaƙa a jami'a, na ce gumaka za ta koyo, na yi wata biyu ba na amsa gaisuwarta. Ƙanwar tawa ce ta yi ta sintiri daga gidanta a unguwar Gyallesu tana ba ni haƙuri har na sauko.

A shekararta ta ƙarshe a jami'a, 'yar tawa ta ciro ƙwaryar daga wajen kaji, ta wanke, ta yi ta ɗaukarta hoto. Na yi mata dariya.

Ranar baje kolin ayyukansu, ni da ƙanwata muka je. Hoton ya kai girman ƙofa, ana ganin kowane huji. Kusa da shi ta ƙera ɗinkin kaɗai da wayar tagulla, babu ƙwaryar, a tsaye, ya fi ni tsawo. Nan mutane suka fi taruwa, malamanta suna ta jinjina kai. Wani ya tambaye ta wa ya fasa ƙwaryar. Ta nuna goggonta tana murmushi, domin haka ta taso ta ji a gida.

Sai na matsa gaba na ce: "Ba ita ba ce. Ni ne, kuma ƙarya na yi mata."

Ƙanwata ta kalle ni, ta yi dariya har da hawaye. "Yaya, sai yau? Ai tsintsiyar ba ta yi mini zafi kamar tsayuwar da ka yi ba. Na yafe. Matsa, kana tare wa mutane aikin 'yarmu."

Yanzu roba ta cika gidaje, in ta fashe sai bola, gyartai ma na daɗe ban ga ko ɗaya ba. Ƙaramin kwafin hoton yana rataye a shagona, saitin keken ɗinki. Kullum ina kallonsa, duk wanda ya tambaya kuma nakan ce aikin 'yata ne, tsagar kuma tawa ce.