Norman Garside Ba Ya Amsa Kira

Duk wanda ya san Norman Garside a Ollerdale zai gaya maka cewa bakinsa ba ya hutawa. Direban bas ne, ya yi shekara da shekaru yana jigila tsakanin ƙauyenmu da birni, kuma in tsautsayi ya sa ka zauna a kujerar da ke bayansa, to ka shiga uku. Sai ka sha labarin ciwon gwiwarsa, da na tumatirin da yake shukawa a bayan gida, da laifin kowace gwamnati tun daga zamanin kakansa. Marigayiya matarsa Maureen takan ce ko a barci gardama yake yi. Amma wannan mutumin, da zarar ya hau Tudun Blackrigg ranar Lahadi, sai ya koma kurma kuma bebe. Wannan shirun nasa ne yake tayar min da hankali yanzu.

Sunana Glenys, ina cikin ƙungiyar ceto ta ƙauyenmu tun gashina yana baƙi. Mu 'yan sa-kai ne. Waya za ta yi ƙara, malamin makaranta ya ajiye alli, mai gyaran famfo ya ajiye sifana, mu hau tudu neman wanda hazo ya haɗiye. Ni aikina da kare ne. Norman ya so ya shigo cikinmu, likita ya ce ƙirjinsa ba zai iya hawa da kaya ba. Ya yi ta kumbure-kumbure na wani lokaci, sannan ya zo ya ce to, shi zai zama gawa.

Haka muke kiran masu ɓuya don karnuka su neme su. Kare ba ya koyon neman mutum sai da mutum, don haka ran Lahadi wani zai riga mu hawa, ya shige buhun kwana, ya lafe cikin ciyawa ko gindin dutse, mu kuma mu saki kare ya bi iska. Doka ɗaya ce tak: gawa ba ta amsa kira. Ko sunanka aka ambata, ko usur aka busa a kanka, kai dai shiru. In ka amsa, kare zai saba da bin murya, ranar da ya je neman wanda ya suma sai ya wuce shi. Sai karen ya same ka da hancinsa, ya koma ya yi wa mai shi haushi, ya jawo shi har inda kake, sannan ka fito da abin wasa ka jefa masa, ka yi ta yabonsa. Ladansa ke nan.

Yawancin mutane hunturu ɗaya suke yi su gudu. Wa zai so kwanciya cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa na bi ta wuyan riga, tumaki na leƙa shi? Norman kuwa ya mai da abin sana'a. Zai zo da filas ɗin shayi, da burodi da cuku, da wata jar igiya mai ƙulli wadda karnuka suka tauna har ta koɗe. Ya san kowane kwazazzabo da kowane rami. Mu da muka san tudun ma, sai mu tsaya kusa da shi ba mu gan shi ba. In an gama kuma, kai, sai ya rama duk shirun da ya yi, tun daga kan tudu har mota.

Shugabanmu Duncan, mai gyaran rufin gidaje, mutum ne mai tsokanar tsiya. Ya sha alwashin sai ya sa Norman ya yi magana. Wata rana ya tsaya ya ƙwala cewa an fasa horo, kowa ya sauko. Shiru. Wata rana ya ce Maureen ta bugo, bututun ruwa ya fashe, gida ya zama tafki. Shiru. Akwai ranar da wani sabon shiga ya taka masa yatsu da takalmi, bai ko yi tari ba, sai da yamma muka ga hannun ya kumbura. Mun yi dariya har da hawaye. Norman ya nuna Duncan da yatsan da ya kumbura ya ce, "Kai yaro, ko cewa ka yi duniya ta tashi, ni sai na ga kare."

Karena Mirk a kan Norman ya koyi aiki tun yana ɗan kwikwiyo. Mutanen da Mirk ya gano da ransu a tudun nan suna da yawa, ciki har da wata mata da ta karye a ƙafa, da wasu 'yan yawo da suka bi hanyar tumaki suka ɓace. Ba wanda ya taɓa zuwa yi wa Norman godiya, don ba su san da shi ba. Shi ma bai nema ba, shi dai a bar shi ya ba da labarin yadda ya ɓuya.

Bayan rasuwar Maureen ne gigin tsufa ya fara kama shi. An same shi wata safiya a tashar bas da tsohuwar rigar aiki, yana faɗa wai an ɓoye masa makulli, alhali ya daɗe da ajiye tuƙi. Ya fara kiran 'yarsa Lorna da sunan uwarta. Lorna ta bar birni ta dawo gida don ta kula da shi, mu kuma muka daina kiran sa ran Lahadi. Muka ce masa sanyi ya yi yawa, a bari sai bazara. Bazara ta zo ta wuce ba mu kira shi ba. Mirk ma a lokacin ya tsufa, ƙugunsa ya lalace, na sallame shi daga aiki, ya koma kwanciya gindin murhu.

A ƙarshen kakar da ta wuce, wata safiya, Lorna ta fita sayen madara, ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe. Ta duba tashar bas, ta duba kabarin uwarta, sannan ta kira mu. Kafin mu taru hazo ya sauko ya rufe Blackrigg ruf. Karnukan ƙungiya biyu masu aiki suna can wani kwari mai nisa, ana neman wasu masu hawan dutse, ba za su dawo da wuri ba. Jirgi mai saukar ungulu kuwa ba ya tashi a irin wannan hazo. Wani makiyayi ya ce ya hango dattijo yana tsallaka katangar dutse ya nufi sama.

Muka jera, kowa yana ganin na kusa da shi da ƙyar, muka shiga. Ban son tudun nan in ya yi haka. Ba itace ko ɗaya, ba tsuntsu, sai baƙar laka da ke tsotsar takalmi, da ruwan da kake ji yana gudu a ƙarƙashin ƙasa ba ka ganinsa. Muna tafe muna kiran sunansa, mu tsaya, mu saurara. Duncan ya ɗauko lasifika ya ƙwala kira.

"Norman! Ba horo ba ne! Don Allah ka amsa!"

Hazo ya shanye muryar. Mun bi gangaren nan gaba ɗaya, sama da ƙasa, har rana ta karkata. Duncan ya ce nan an gama, ba kowa, a koma wajen madatsar ruwa, don masu irin wannan ciwo sukan bi gangare har su isa ruwa. Kowa ya san abin da ake nema in an nufi madatsa.

Ni aka aika ƙauye in ɗauko shayi mai zafi da barguna. Na biya gidan Norman. Lorna tana tsaye a bakin ƙofa ba riga mai kauri, idanunta sun yi ja. Na tambaye ta me ya sa a jikinsa. Ta ce takalmin hawa, da rigar ruwa, ta kuma lura wannan koren buhun kwanan mai wari ba ya cikin ɗakin ajiya. Na kalli ƙusar da ke bayan ƙofa, inda jar igiyar take rataye kullum. Ba komai a kanta. Sai a lokacin na tuna ranar Lahadi ce. 

Na kira Duncan a oba-oba na gaya masa Norman bai ɓata ba, ɓuya ya yi, kuma yana jin mu. Ya ce ai ya faɗa da bakinsa ba horo ba ne. Na ce masa haba Duncan, sau nawa ka faɗi irin wannan a baya? Sai ya ce haske ya kusa ƙarewa, gangaren kuma an bincika, in ya dawo da mutane baya alhali dattijon yana bakin ruwa, wa zai ɗauki wannan? Na ce ba mutane nake so ba, ya kwashe min su ma daga gangaren kada warinsu ya cika wuri, ya bar ni da iska kawai. Na faɗa masa wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Daga ƙarshe ya tura sauran madatsa, shi ya tsaya jirana.

Mirk yana barci na same shi. Da ya ga na ɗauko rigar aikinsa mai ƙararrawa, ya yunƙura zai miƙe, ƙafafun baya suka ƙi, ya sake yunƙurawa. Na kai shi da mota har ƙarshen hanya, Duncan ya saɓa shi a kafaɗa ya tsallake katanga da shi. A lokacin ruwa ya fara sauka haɗe da ƙanƙara, irin wanda yake shiga ƙashi. Na juya fuskar Mirk wajen iska na ce masa nema.

Ya tafi yana ɗingishi, hazo ya rufe shi, sai ƙarar ƙararrawa muke ji. Tana nisa, tana dawowa, tana nisa. Ni da Duncan muka tsaya muna saurare, don ko mun kira ba amfani. Can sai ƙararrawar ta ɗauke ɗif. Na ce a raina shi ke nan, karen ya faɗa rami, na kashe shi a banza, ga Norman can sanyi yana cinye shi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba. Sai na ji ta kuma, a hankali, tana matsowa. Mirk ya fito duk laka, ya tsaya a gabana, ya yi haushi da dasasshiyar murya, ya juya.

A wani kwazazzabo muka same shi, inda ruwa ya rarake ƙarƙashin gaɓa, ciyawa ta rufe bakin. Sawun takalmanmu na ɗazu yana nan a kan gaɓar, daidai saman kansa. Yana cikin buhu, leɓɓansa sun yi shuɗi, ya ma daina karkarwa, wanda duk mai wannan aiki ya san ba alama ce mai kyau ba. Mirk ya sa hanci a wuyansa. Sai hannu ya fito daga buhun a hankali, riƙe da jar igiya. Ya so ya jefa, yatsun suka ƙi buɗewa, Mirk ya karɓa daga hannunsa.

Duncan ya durƙusa yana naɗe shi da bargo, yana kiran sauran su zo da gadon ɗaukar mara lafiya, hawaye na bin gemunsa. Norman ya dube shi, bakinsa ya ɗan motsa kamar mai murmushi.

"Na ji ka ai," ya ce, kalmomin suna fita da ƙyar. "Wai ba horo ba ne. Ka kusa taka ni, yaro. Ban ce uffan ba."

Sannan ya juyo gare ni, ya gane ni sarai, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Na yi daidai, ko yarinya?"

Ya kamata in ce a'a. Ya kamata in ce masa an soke dokar, daga yau in an kira shi ya amsa. Amma ina kallon fuskar mutumin da komai ya kuɓuce masa sai wannan abu ɗaya, kuma ban san ko zai kai ƙasa da rai ba. Na ce masa ya yi daidai, ba a taɓa yin gawa kamarsa ba.

Ya kai ƙasa da rai. Ya yi kwanaki a asibiti, ya rasa yatsun ƙafa biyu, ya dawo gida. Mirk ne bai ƙara tashi sosai ba tun daga ranar, kafin a shiga tsakiyar hunturu na binne shi a bayan gida. Mun yi ta gaya wa Norman, ni da Duncan da Lorna, cewa yanzu doka ta canja, in ya ji sunansa ya amsa. Sai ya kashe mana ido ɗaya ya yi dariya, ya ce ya san wannan dabarar.

Lorna ta ɓoye takalman, ta ƙone buhun, ta sa wa ƙofa sakata daga sama. Duk da haka ban san yadda yake gane ranar Lahadi ba, mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, amma tun da safe za ta same shi tsaye a taga yana kallon tudu. Makon jiya na je gaishe shi, dusar ƙanƙara ta rufe kan Blackrigg fari fat. Ya jawo hannuna, ya rage murya don kada Lorna ta ji, ya ce akwai wani wuri da ya daɗe yana ajiyewa, bai taɓa nuna wa kowa ba, sai ya gani ko Mirk zai iya gano shi a can.